Keke, Yara Biyu da Hanyar Aiki

Tambaya: Malam, a keke nake zuwa aiki a birnin Wad Madani na ƙasar Sudan. Zan iya ɗaukar yarana, mai shekara 4 da mai wata 8, in sauke su a hanya?

Amsa: Ɗan'uwa, a bar jaririn tukuna, kafin shekara 1 wuyansa bai iya jure gargada. Babban kuwa, ɗaura masa kujera mai maɗauri a kariya, wato wurin ɗora kaya na bayan keke, in nauyinsa bai wuce kilo 22 ba. Ka rufe gefen tayar baya da katako ko roba mai kauri, domin ƙafar yaro na shigewa cikin wayoyin taya ta yage masa diddige. Duba birkin baya kullum. Famfo da faci kada su bar jakarka, saboda ƙaya.