Haɗa sautin PlayStation 5 da na kwamfuta a hedifon ɗaya

Malam, ka tambaya ko za ka iya jin sautin PlayStation 5 da na kwamfutarka lokaci guda ba tare da kana sauya hedifon ba. Hakan mai yiwuwa ne, kuma hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ka sayi ƙaramar miksa, wato na'urar haɗa sautuka, mai mashigai biyu ko fiye, wadda kowace mashiga ke da makunnin ƙararta.

Da yake PlayStation 5 ba ta da mafitar optikal, wato ramin fitar da sauti ta wayar haske, sai ka ɗauko sautinta daga ramin hedifon na milimita 3.5 da ke bayan allon da ka jona ta da HDMI, ka kai shi mashiga ta farko, na kwamfuta kuma ta biyu, sannan ka soka hedifon a mafitar miksar. Idan ka ji wani zuuu a ƙarƙashin sautin, yawanci layin ƙasa na wutar na'urorin biyu ne ya haɗu, kuma ɗan ƙaramin aisoleta, wato na'urar da ke raba layin ƙasan, a kan wayar sauti ɗaya yana kawar da shi.

Ina roƙonka kada ka yi amfani da wayar nan mai reshe biyu wajen haɗa mafita biyu, domin kowace za ta riƙa tura wa 'yar'uwarta sauti, abin da ke ɓata shi, yana kuma iya lalata mafitar. Makirufo kuwa na'ura ɗaya zai bi, don haka ka jona shi inda kake hira da abokan wasanka.