Agogunan Sabar Sun Ƙi Jituwa: Yaya Zan Daidaita Su Gaba Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina kula da sabar (kwamfutocin da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) goma sha biyu masu aiki da Linux a wani kamfani da ke Adum, nan Kumasi. Duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai in tarar agogunansu sun saɓa, har wata ta ƙi karɓar kalmar sirrin ma'aikata. Na gaji da bin su ɗaya bayan ɗaya. Ina mafita? Daga mai karatu a Asawase.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Agogon kwamfuta ba ya tafiya daidai da kansa, domin kuskuren kashi goma cikin miliyan kaɗai ya isa ya jawo saɓanin kusan daƙiƙa ɗaya a kwana, kuma idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogo ya mutu, na'urar takan farka daga dumsor, wato ɗauke wuta, da kwanan watan da ba shi da kai. Ƙin karɓar kalmar sirri kuwa, ina zargin Kerberos ne, tsarin tantance masu shiga, wanda bisa al'ada ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5. Saboda haka fara da canza batiran.

Maganin saɓanin shi ne NTP, tsarin daidaita agogon kwamfuta ta intanet da David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya ƙirƙira, aka fara wallafa ƙa'idarsa a 1985. Yana bi ta tasha ta 123 a kan UDP, ɗaya daga hanyoyin aika bayanai tsakanin kwamfutoci, don haka ka tabbata katangar tsaronku (firewall) ta buɗe masa hanya. Manhajar da nake ba da shawara ita ce chrony, domin ta fi tsohuwar ntpd saurin komawa kan daidai idan intanet na yankewa.

Gajiyar da ka ambata, Ansible, kayan aikin saita sabar da yawa daga wuri guda, shi ne zai sauke maka ita. Ba ya buƙatar a girka komai na musamman a kan sabar in dai akwai SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) da yaren manhaja Python. Za ka rubuta umarni sau ɗaya a fayil ɗin YAML, salon rubutun da Ansible ke karantawa, cewa a girka chrony, a kashe systemd-timesyncd, wata manhajar daidaita agogo, don kada biyu su riƙa jan agogo ɗaya, a ajiye fayil ɗin saiti daga samfuri guda, sannan a sake kunna manhajar sai idan fayil ɗin ya canza kaɗai. Ko sau goma ka gudanar da shi, ba zai taɓa abin da ya riga ya daidaita ba. Lura da cewa Ubuntu tana ajiye fayil ɗin a /etc/chrony/chrony.conf, dangin Red Hat kuma a /etc/chrony.conf, kuma wannan ɗan bambancin ya sha kayar da mutane.

Kada ka bar dukkan sabar su riƙa fita neman lokaci a waje. Zaɓi uku su sha daga africa.pool.ntp.org, taron sabar lokaci na Afirka, sauran tara kuma su sha daga ukun nan. Na ce uku ne domin mai agogo biyu, idan suka saɓa, bai san wanne ya yi ƙarya ba. Kada kuma ka gauraya sabar lokaci ta Google da na taron, saboda Google tana shimfiɗa daƙiƙar tsalle (daƙiƙa ɗaya da akan ƙara wa agogon duniya lokaci-lokaci) cikin sa'o'i, su kuwa ba sa yin haka.

Inda nake son ka fi yin hattara shi ne layin makestep 1.0 3 a fayil ɗin saiti, wanda ke ba chrony izinin tsallakar da agogo nan take idan kuskuren ya wuce daƙiƙa ɗaya, amma a gyara uku na farko kawai bayan an kunna ta. Wannan yana da amfani wajen tashi bayan ɗauke wuta, sai dai sake kunna manhajar a kan sabar da ke riƙe da rumbun bayanai tana tsaka da aiki na iya mayar da agogo baya, lissafin kuɗin da aka shigar daga baya ya koma kamar shi ne na farko. Don haka gwada Ansible da --check --diff tukuna don ka ga abin da zai canza ba tare da ya taɓa komai ba, ka saka serial: 1 a fayil ɗin YAML domin aikin ya bi su ɗai-ɗai, ka kuma bari sai dare bayan an rufe ciniki.

Yankin lokaci bai kamata ya dame ka ba, tunda layin Greenwich ya ratsa ta Tema kuma Ghana ba ta sauya agogo da damina ko rani. Ka saita komai a UTC, agogon duniya da ya yi daidai da na Ghana, ko da kuna da reshe a Kano, inda suke gabanmu da awa ɗaya. Idan ka gama, buga chronyc sources a kowace sabar, ka nemi alamar tauraro a gefen majiyar da ta zaɓa.