Sauya wa kifin ado ruwa daga na famfo zuwa na RO

Malam, ka ce kana Gombe, kifayenka na ado suna cikin ruwan famfo, kana so ka mayar da su ruwan da na'urar RO (reverse osmosis, mai tace ruwa ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi) ta tace. To, wane irin kifi ne? In gofi (guppy) ne ko moli (molly), ka bar su da ruwan famfonsu, sun fi son ruwa mai ma'adinai. Ka dai riƙa sa maganin cire kulorin kafin ka zuba. Diskas da niyon tetira, 'yan asalin kogunan Amazon, su ne RO ke yi wa rana.

Kada ka kuskura ka cika akwatin kifin da tsantsar ruwan RO. Na'urar tana kwashe kusan duk kalsiyam da magnesiyam da kabonet, kuma kabonet ɗin nan shi ke hana pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, faɗuwa. In babu shi, sai ka wayi gari kifaye sun lafe a kusurwa, fikafikansu a manne da jiki, sun ƙi abinci. Ka gauraya ruwan RO da na famfo, ko ka sa garin ma'adinan da ake sayarwa don haka.

Kuma a sannu ake yi: kowane mako ka canja kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ruwan, kana auna TDS, wato yawan abubuwan da suka narke a cikinsa. Ruwan da ya ƙafe da zafin bazara kuwa, cike shi da RO zalla, ma'adinai ba sa bin tururi.

Ka kuma lissafa asara. Ƙaramar na'ura takan zubar da lita 3 ko 4 kafin ta ba ka 1, ga shi a Gombe mutane da yawa sayen ruwa suke yi. Ka tara wanda ta zubar don wanki.