Ka sa sabuwar faiba, me ya sa kulocin Vespa ke zamewa?

Ɗana, jiya bayan La'asar ka tare ni da tambaya hannuna na cikin injin wani, shi ya sa ban ba ka amsa ba. Ka ce Vespar dattijon malamin nan na Bodinga, wadda ka sa wa sabuwar faiba (faifan kuloci masu kama ƙarfe) mako biyu da sunka wuce, ta dawo da ciwonta. In ya murɗa totur a giya ta uku ko ta huɗu sai inji ya yi ta kuka, mashin kuma ba ya ƙara gudu. Ka ce, "Maigida, ko faibar ce jabu?" Tana iya zama jabu, kasuwa ba abin da babu. Amma ni ba na ɗora wa mai shago laifi sai na san abin da ya cinye faibar farko, don shi ne zai cinye ta biyu da ta uku. Wanga shi ne ba ka bincika ba.

Fara da tabbatar da cewa zamewar ce. Akwai ciwo biyu da masu Vespa ke kira da suna ɗaya. In mashin ya fizge ka, ka ji ƙaf, inji ya yi ihu sannan giya ta sake kamawa, ba ruwan kuloci, ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ke zaɓen giya ne ya side. Zamewar kuloci ba ta da fizga, a hankali take zuwa, kuma ta fi nuna kanta wajen hawa ko in an ɗauko mutum a baya. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: taka kik. A Vespa ƙarfin kik ta cikin kuloci yake bi kafin ya juya inji, shi ya sa in ka danne hannun kuloci kik ke tafiya banza. To in ba ka taɓa hannun ba, amma kik ya sulale ƙasa ba nauyi, ka samu shaida.

Daga nan kada ka ɗauki sifana tukuna, kama hannun kuloci da yatsa biyu. Dole ya yi ɗan wasa, kamar milimita 2, kafin ka ji nauyin waya. In ba wasan, ga abin da ke faruwa a ciki: waya na jan ƙarfen da ke jikin murfi, ƙarfen na tura wani ɗan guntun tagulla, tagullar na danne sifirin. Ke nan kuloci bai taɓa rufewa duka ba, mai mashin na tafiya faiba na gugar ƙarfe tun daga Bodinga har unguwar Gawon Nama a Sakkwato. Na san halin yaran gareji, kuna ɗaure waya tamau don giya ta shiga ba ƙara, mai kaya ya yaba muku. Yabon kwana goma ne. Sannan ka leƙa ƙarƙashin inji, ka ja hannun ka saki, ka ga ko ƙarfen na komawa mazauninsa da kansa. Garin nan ƙura ba ta barin komai, ta shiga rigar waya ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar laka, sai waya ta tafi ta ƙi dawowa. Na sha gyara zamewa da sabuwar waya kaɗai, ban kwance ko noti guda na inji ba.

Ka kuma dubi hannun malam in zai tashi. Giyar Vespa da kulocinta duk a hannun hagu suke, mutane da yawa sun saba ɗora yatsu a kan hannun kuloci suna tafiya. Wani kuma ya tashi da giya ta biyu, ko ya riƙe kuloci rabi da rabi a cunkoson Babbar Kasuwa, ga zafin watan Afrilu ya haura digiri 40. In ka ga haka ka faɗa masa cikin ladabi, dattijo ne, zai ji.

Sai mai. Kulocin Vespa cikin man giya yake wanka, kuma man ba yawa gare shi ba, mililita 250 ne, rubu'in lita, mai lambar kauri SAE 30. Kafe mashin a wuri mai daidai, zuba har mai ya kawo bakin ramin zubawa, shi ke nan. Kada ka yarda da ragowar man mota na zamani da ake kawo muku a galan. Wasunsu an sa musu sinadarin ƙara santsi, mota na son haka, faiba kuwa kamu take nema. In ta sha wanga mai ta sha ke nan, wanki ba ya fidda shi.

In ka tsiyaye tsohon man, kada ka zubar sai ka kai shi hanci. In ka ji warin fetur, ko ka ga ya tsinke kamar ruwan shayi, sil ɗin karanshaf na gefen kuloci, robar da ke tare mai, ya mutu. Fetur na ratsowa cikin man giya, inji kuma na zuƙar man yana fidda hayaƙi fiye da na kullum. Wanga gyara sai an raba inji biyu, kuma dole ka gaya wa mai mashin gaskiyar kuɗin tun kafin ka fara. Ni abin da nake zargi ke nan a Vespar malam, don na ga hayaƙinta sadda ya shigo.

Sai waɗanga sun wanke kansu kake buɗe ciki. Cire tayar baya, kwance shokozoba ta ƙasa inji ya ɗan sauko, noti uku ke riƙe da murfi. Kafin komai ka cusa tsumma mai tsabta a ramin da ke ƙasan kuloci, don ɗan tagullar nan da ɗan makullin karanshaf mai siffar jinjirin wata ba su da wurin faɗawa sai cikin akwatin giya. Notin tsakiya mai haƙora yana da sifanarsa, tana cikin akwatina, kada in ga kurfi da guduma a hannunka. Washar da ke kulle shi kuma sabuwa ake sawa. Ina yaro na taɓa mayar da tsohuwa don ƙyashin zuwa kasuwa, notin ya kwance a hanyar Kware, mai mashin ya turo shi da ƙafa cikin rana. Maigidana bai ce mini uffan ba, ya dai sa na bi mutumin har gida na ba shi haƙuri.

Matse kulocin da abin matsewa, fidda babban zoben da ke riƙe da shi. A tsohon samfuri faiba uku za ka tarar, da faifan ƙarfe biyu a tsakaninsu. Kai faiba kaɗai ka canza. Ƙarafan fa? In sun yi shuɗi-shuɗi wuta ta ci su. Ɗora kowanne a kan gilashi ka danna gefe da yatsa, in ya yi rawa ya lanƙwashe, jefar da shi. Sifirin kuma, shida ne a 125 da 150, bakwai a 200. Jera su a kan benci kusa da sabo, za ka ga waɗanda zafi ya gajarta da idonka. Sifirin da ya gaji ba ya matse faiba ko da daga Italiya Piaggio mai ƙera Vespa ta aiko maka da ita, kuma ba a canza ɗaya a bar saura. Shafa yatsa a cikin kwandon inda kunnuwan faiba ke zama, in ya yi tsage-tsage faiba na maƙalewa, in bakinsa ya buɗe zoben na iya tsalle ana cikin tafiya.

Wajen sayen kaya ka tafi da tsohon a hannu. Na Bajaj da LML na Indiya sun yi kama da na Vespa PX, wadda anka fara fitarwa a 1977, don dauri da lasisin Piaggio sunka riƙa ƙerawa, amma ba kowane ke hawa kan kowane ba. Ƙirga sifirin, ƙirga haƙoran giyar da ke bayan kuloci, na PX 200 guda 23 ne.

Abu na ƙarshe na gan shi da idona ranar nan, na yi shiru don in ga ko za ka tuna: daga leda ka fiddo faibar ka sa ta a bushe. Sabuwar faiba kwana take cikin man da za ta yi aiki da shi. In ta shiga a bushe, tashin farko fuskarta ke ƙonewa ta yi sulɓi kamar bayan cokali.

Yau kafin ka tafi gida ka zuba man giya a gwangwani ka tsoma sababbi uku, ka rufe saboda ƙura. Gobe da safe ka tsiyaye man Vespar malam a kwano mai tsabta ka kawo mini mu shaƙa tare. Kuɗin faibar nan ta biyu ba za mu karɓa a hannunsa ba, daga gareji za su fito.