Tambayoyinku: Mai Son Ƙure Gudun Furosesa a Shagon Kwano

Ga dukkan alamu wani bidiyo ya zagaya wayoyin samari a makon nan, don kusan duk saƙon da na buɗe maganar ƙara wa kwamfuta gudu ce. Kowa so yake injinsa ya yi sukuwa. To, bismillah.

Daga wani ƙauye kusa da Rano: "Malam, ina da Dell OptiPlex ta ofis, tokumbo, Core i5 ce. Na shiga BIOS na duba ko'ina ban ga wurin ƙara gudu ba. Ina suka ɓoye shi?"

Ba su ɓoye ba, babu shi ne a BIOS ɗin, wato shafin saitin da ake shiga kafin kwamfuta ta tashi. Injunan ofis a kulle suke zuwa. A ɓangaren Intel ba a ƙure gudu sai da furosesa (na'urar da ke yi wa kwamfuta lissafi) mai harafin K a ƙarshen lambarta, a kan madabod (babban allon da ake jona komai a jikinsa) mai cifset, wato samfuri, ɗin Z. Cire tsohon hadis ka sa SSD, ma'ajiyar da ta fi shi sauri, ka kai ram giga 16, za ka rantse an canza maka inji.

Daga wani gari a yankin Haɗejiya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon haɗa bidiyon biki da buga katin gayyata. Na sayi Ryzen 5 5600, kuma yayana zai shiga Kano ya sayo min sauran kayan a titin Beirut. Ina son madabod X570 da kula ta ruwa mai fanka uku da fitilu, don in ƙure gudun furosesar kamar yadda nake gani a YouTube. Fawa fak kam ina da tsohuwa da ta zo da kes. Shagona na kwano ne, da rana sola, da dare ƙaramin janareta. Wane madabod da wace kula zan ce ya sayo?"

Wa alaikassalam. Ƙanena, gyara zama, yau da kai nake.

Da na ga "kula" sai da na ɗauka ta zoɓon biki kake nufi, tunda sana'arka ke nan, ashe na'urar sanyaya furosesa ce. Amma abin da ya ɗaga min hankali a wasiƙarka layi biyun ƙarshe ne, waɗanda ka rubuta kamar ba komai ba. Shagon kwano, ƙaramin janareta, da fawa fak, akwatin da ke raba wa inji wuta, wadda ko sunanta ba ka ambata ba saboda kai ma ka san ba ta da shi.

Mutanen da kake kallo a YouTube a ɗaki mai iyakwandishan suke gwajinsu, digiri 21 ko 22. Kai kuma a watan Afrilu, da azahar, inuwar waje ma takan wuce 40 a Haɗejiya, balle ƙarƙashin kwano. Na'urar sanyaya furosesa, ta iska ce ko ta ruwa, ba firji ba ce. Ba ta ƙirƙirar sanyi. Zafi kawai take kwashewa ta miƙa wa iskar ɗakin, don haka daga zafin ɗakinka lissafin yake farawa. Injin da ya tsaya a 72 a wurin Bature, shi ɗin dai, da saitinsa da komai, sai ya haura 90 a shagonka. Furosesoshin nan kuwa iyakarsu tsakanin 90 da 95 take, kuma da sun kai can su da kansu suke rage gudu don kada su ƙone. Ka ga ke nan ka kashe kuɗi ka ƙara gudu, zafi ya zo ya karɓe abinsa har da riba.

Ga kuma wani lissafin da masu bidiyo ba sa tsayawa su yi maka. Ƙara gudu yawanci sai da ƙarin boltej, shi kuma zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da boltej, ninkawa yake yi. Ka ɗaga daga bolt 1.2 zuwa 1.32, ƙarin kashi 10 cikin 100 ke nan, amma wutar da za ta koma zafi ta ƙaru da wajen kashi 21, tun kafin a sa ƙarin gudun a lissafi. Me za ka samu? Ita 5600 da kanta tana hawa har gigahaz 4.4 idan ta sami sarari. A ce ka kai ta 4.6. Bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Bidiyon kamun amarya da ke cin awa ɗaya kafin ya fita zai fita a minti 57. Minti uku. Ko shayi ba ka gama fifitawa ba.

Na san duk da haka za ka yi, don na san samari. To ga yadda za ka kashe kuɗin.

Madabod: manta da X570. Furosesarka ta wat 65 ce mai ƙwaƙwalwa shida, ba ta buƙatarsa, kuma da yawa daga cikin waɗannan allunan suna da wata 'yar mitsitsiyar fanka a kan cifset wadda ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta sa ta kuka. B550 ya ishe ka har ya yi saura. B450 mai kyau ma zai yi, muddin an sabunta masa BIOS ya gane Ryzen 5000. A320 da A520 ne kada yayanka ya yarda a lallaɓa shi ya karɓa saboda araha, ba a ƙure gudun furosesa a kansu.

Amma lambar cifset ba ita ce alƙali ba. Ka ce masa ya sa a buɗe kwalin a gabansa ya dubi gefen soket, ta sama da ta hagu. Akwai wasu ƙananan dunƙule-dunƙule masu kusurwa huɗu a jere. Wannan sashen, VRM, shi ne ke karɓar bolt 12 daga fawa fak ya sauke shi zuwa bolt ɗaya da 'yan kai da furosesa ke ci, kuma yana yin zafi sosai. Idan ya ga ƙarfe mai kauri a ɗaure a kansu, madalla. Idan tsirara suke, ya mayar musu da abinsu ko da an rubuta sunan wasan bidiyo goma a jikin kwalin. In ya sami mai maɓallin sabunta BIOS ta filas ba tare da furosesa ba, ya ɗauka, zai hutar da kai komawa Kano. Gaskiya ma zuwa da kai ya fi aike, amma kai ka san kuɗin mota.

Sai sanyaya. Ni kam ba na son ta ruwa a karkara, kuma ba zan daina faɗa ba. Tana da famfo, famfo kuwa yana mutuwa, sau da yawa ba tare da sallama ba. Ruwan cikinta yana raguwa a hankali da shekaru. Ranar da ta tsaya, wa zai gyara maka ita a garinku? Ga shi radiyetarta tarkon ƙura ce. Ita kuwa ta iska mai tsayi kamar hasumiya, bututun jan ƙarfe ne da faranta da fanka. Abin da zai iya lalacewa a jikinta fankar ce kawai, mai milimita 120, wadda za ka cire ka sa wata cikin minti biyar. Nemi irin su Thermalright Peerless Assassin 120 ko DeepCool AK620, masu hasumiya biyu. In aljihu ya ƙi, Cooler Master Hyper 212 ta fi 'yar faifan da ta zo cikin kwalin furosesarka nesa ba kusa ba. Ka auna faɗin kes ɗinka tukuna, don tsayinsu yakan kai milimita 155 zuwa 160, kuma ka tabbatar maɗaurin AM4, wato na soket ɗin da furosesarka ke zama, na cikin kwalin. Fitilu kuma, in ado kake so, ka saya wa shagon.

Kuɗin da ka tsira da su daga X570 da kular ruwa, zuba su a fawa fak. Nan ne nake jin haushin mutanenmu. Mutum zai sayi kaya masu tsada ya jona su da gwangwanin da in ka ɗaga shi da hannu ɗaya kamar ka ɗauki fanko. Na taɓa buɗe wani inji a wani shagon buga takardu a kasuwar ƙauye, mai shi yana ta rantsuwa cewa furosesa ce ta mutu. Ƙura ta yi wa faranta shimfiɗa kamar bargo, sai da na ɓanɓaro ta da tsinke. A cikin fawa fak kuma ga tsaka ta bushe ta manne a jikin allo. Furosesar lafiyarta ƙalau. Sayi ta kamfani sananne, wat 550 ko 650, mai shaidar 80 Plus Bronze aƙalla. Inbatar solarka ta zama mai fitar da wuta tsantsa, wadda masu sayarwa ke kira fiya sayin web. Ƙaramin janaretan nan kuwa, wanda muryarsa ke sauyawa duk lokacin da maƙwabci ya jona abin caji, kada ka haɗa kwamfuta da shi kai tsaye sai ta bayan UPS mai daidaita wuta.

Abin da ni nake yi a nawa injin, kuma shi nake so ka yi: kada ka taɓa boltej da hannu. Kunna PBO a BIOS, saitin da ke barin furosesa ta ƙara gudu da kanta, ka shiga Curve Optimizer ka sa shi a ɓangaren ragi, fara da 10. Wato rage mata cin wuta kake yi, ta yi sanyi, sai ita da kanta ta daɗe a kan babban gudunta. Buɗe manhajar HWiNFO ka zuba wa zafin ido, ka saki manhajar gwajin furosesa, Cinebench ko OCCT, na awa guda. Kuma gwajin da ƙarfe biyu na rana za ka yi shi, ƙofa a yadda ka saba barinta. Saitin da ya tsaya daram da asubar watan Disamba yana iya kifewa a bazara, kana tsakiyar bidiyon 'yar mai unguwa. In ka sauka zuwa 15 ko 20 inji ya fara sake kunna kansa, koma baya. Ka sani kuma, ƙure gudu yana iya ɓata maka garanti, in ma an ba ka shi.

Ɗaga injin daga ƙasa ka ɗora a tebur. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk mako biyu ka fitar da shi waje ka busa shi da abin hura iska, ka riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa. Ni ranar Juma'a da safe nake yin nawa.

Daga Gumel: "Man da ake shafa wa furosesa ya ƙare min, wani ya ce man goge baki yana yi."

Yana yi, na kwana biyu, kafin ya bushe ya zama alli. Sayi na gaskiya, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya. Kuma ka ɓare ledar da ke ƙasan sabuwar na'urar sanyaya kafin ka ɗaura. Kada ka yi dariya, na ga manya sun manta.

Wata malamar makaranta daga Kazaure: "Ɗana ya sauke wata manhaja a wayata wai tana ninka gudun waya. Tun daga nan talla ta hana ni sakat."

Hajiya, goge ta. Tallar ce kaɗai abin da ta ninka. Ki sa wa wayar makulli kuma.

Daga Birnin Kudu: "Ram ɗina an rubuta 3200 a jikinsa amma kwamfuta tana nuna 2133. An cuce ni ne?"

Ba a cuce ka ba. Kunna XMP a BIOS, saitin da ke sa ram gudun da aka rubuta a jikinsa, a allunan ASUS na AMD sunansa DOCP. In kuma a manhajar CPU-Z ka duba ka ga 1600 bayan ka kunna, daidai ne, ninka shi biyu. In sanda biyu gare ka a allo mai ramuka huɗu, na biyu da na huɗu daga furosesa.

Daga Sumaila: "Na canza wasu lambobi a BIOS, yanzu fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin."

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Zare wayar wuta, cire batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin madabod, CR2032, danna maɓallin kunnawa sau biyu uku, jira minti biyar ka mayar. Zai tashi da saitinsa na asali, sai ka gyara agogo. In ka tashi sake taɓawa, lamba ɗaya a lokaci guda, kuma ka rubuta tsohuwar a takarda.