Me ake nufi da sikof a ɗakin rada?

Jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa manya ke kiran allon nan na ɗakin rada (na'urar gano jiragen sama daga nesa) "sikof", alhali a idonka bai bambanta da allon kwamfuta ba. Zauna ka ji, ɗana.

Sunan an gutsuro shi ne daga osiloskof, na'urar da muke duba sigina da ita a kan teburin gyara. Tushen kalmar "sikof" Girkanci ne, ma'anarta dubawa. Tashoshin rada da Ingila ta jera a gaɓar tekunta gab da Yaƙin Duniya na Biyu irin wannan allon gare su: layi guda a kwance, in jirgi ya tunkaro sai layin ya yi ɗan tsini, ka karanta nisansa. Daga baya aka samu mai da'ira, wanda ake kira PPI. Tsakiyarsa nan ne eriya take, layin hasken da ke zagaye kuma tare yake juyawa da ita.

Ga abin da nake so ya zauna maka a kai: sikof lokaci yake aunawa. Siginan da eriya ke aikawa yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Zai je ya bugi jikin jirgi ya dawo, kowane kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa da ya ɓata a hanya, nisan mita 150 ke nan. Ɗigon da ka gani can gefen allo amsa ce da ta jima ba ta dawo ba. Zobban da ke kewaye kuwa ma'aunin nisa ne. Lokacin da na fara koyo, cikin ɗaki mai duhu muke aiki, don ɗigon yakan haska ne ya dushe a hankali kafin layin ya sake zagayowa. Yau kwamfuta ke zana komai, amma sunan bai canza ba.

Ka kuma lura, allon kaɗai ake nufi da sikof, ban da sauran kayan. In mai kula da jirage ya ce maka sikof ɗinsa ya ɗauke, kada ka yi saurin ɗauko sukundireba. Leƙa na maƙwabcinsa tukuna. In shi ma babu komai, allon lafiyarsa ƙalau, sai ka bi waya ka nufi wajen eriya da na'urar aika sigina.