Tambaya da Amsa: Santambul ko Zanzibar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Birni, Damagaram, ina so in kai maiɗakina yawon buɗe ido idan zafin bazara ya kankama. Tsakanin birnin Santambul da tsibirin Zanzibar, ina ya fi dacewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Idan a bazara za ku tashi, Santambul ta fi, domin daga Maris zuwa Mayu ake tafka ruwan sama a Zanzibar.

A Santambul ku fara da Aya Sofiya, wadda aka kammala a shekarar 537 tana coci, aka kuma mayar da ita masallaci a karo na biyu a 2020. Daura da ita akwai Masallacin Sarki Ahmad mai hasumiya 6, wanda aka lulluɓe bangonsa na ciki da shuɗin tangaran, sannan a fadar Topkapi, inda sarakunan Usmaniyya suka zauna, an adana takubba da alkyabbar da ake dangantawa ga Annabi (SAW). A ganina, kada ku bar garin ba ku shiga jirgin ruwan da ke tsallaka mashigin Bosforus daga Turai zuwa Asiya ba, ga shi kuma ba tsada.

Zanzibar kuwa sai ku jira Yuli ko Agusta. Lungunan tsohon garinta, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2000, za su tuna muku da na Birni, sai dai ƙofofinsu na katako ne da aka sassaƙa aka ƙawata da tagulla. A bayan gari kuma akwai gonakin kanumfari.